Wuƙa a Ƙyauren Uban Unguwa

Lorenz mai fiɗar mushe ya mutu ranar Alhamis da hantsi, a tsakiyar lokacin yankan ciyawa, kuma ko a nan ɗin bai kyauta wa mutanen Erlendorf ba. Da ya san ya kamata, da ya jira sanyi, lokacin da gawa take iya haƙuri, maza kuma ba su da abin yi sai ɗumama ƙafa a gindin murhu. Amma ga rana tana dukan ƙasa, ga ciyawa kwance a fadama tana jiran a kwashe ta kafin ruwa ya sauko, ga kuma mutum miƙe a gidan nan na ƙetaren rafi, inda ko karnukan gari ba su cika leƙawa ba.

Matarsa Rosina ce ta wanke shi da hannunta, ta sa masa farar rigarsa ta zuwa coci, ta rufe tagogi saboda ƙudaje. Akwatin gawa ba matsala ba ne, tun bara ya haɗa abinsa. Abin da take nema maza huɗu ne. A garinmu, kamar sauran garuruwan Jamusawan Sakson na yankin Transilbaniya, ba a ɗora Kirista a keken doki zuwa kabari. Maƙwabta ne ke haƙa ramin, su ɗauke shi a kafaɗa tun daga ƙofar gidansa, ƙararrawa na kaɗawa. Abin da ake ja a keke mushe ne, kuma keken jan mushe guda ɗaya ne a garin, yana nan ajiye a bayan ɗakinta.

Mu 'yan cocin Lutheran muna da wani wa'azi da muke ji da shi, Fasto Albrich kuwa ya iya shi fiye da kowa. Yakan dafa mumbari ya ce Allah ba ya jefo burodi daga sama, da hannun manomi da mai niƙa da mai gashi yake miƙo shi. Ya ce baiwar da ke goge daɓe tana bauta daidai da mai wa'azi, don kowace sana'a kira ce daga Ubangiji. Maza su yi ta gyaɗa kai, kowa na jin da shi ake. Wata Lahadi ma da wa'azin ya yi masa daɗi a baki, har ya ƙara da cewa ko wanda ke kwashe mushe don kada gari ya yi wari, hannun Allah ne a cikinmu.

Ran nan Lorenz ya dawo gida kamar an naɗa masa sarauta. Ya wanke wuƙaƙensa na fiɗa, ya shafa musu mai, ya jera su a kan kantar da littafin waƙoƙin coci yake, kuma daga nan can ne mazauninsu. Rosina ta dube shi ta ce to hannun Allah, sai ka je ka gwada miƙa wa wani ya gaisa da kai.

Ba wanda zai gaisa. A coci wurin zamansu ƙarƙashin matakalar hasumiya ne, inda igiyar ƙararrawa ke shafar kai. A Jibin Ubangiji, inda kowa ke shan ruwan inabi daga ƙoƙo ɗaya, su ne na ƙarshe, kuma da sun sha ake goge bakin ƙoƙon da ƙyalle na daban. A gidan giya kofinsa na rataye a ƙusa ta waje. Duk ɗan sana'ar da ya taɓa shi, ko ya taɓa kayan aikinsa, ƙungiyarsu za ta ajiye shi gefe, ba mai sayen kayansa, ba mai neman 'yarsa. Fatun da yake fiɗa kuwa, da zarar sun bi ta hannun majemi sun tsarkaka, da su dukawa ke ɗinka takalman da ake sawa a je a ji wa'azin.

Abu ɗaya garin ya bar wa mai fiɗa ya rama da shi. Duk wanda dabbarsa ta mutu ya fiɗe ta da kansa a ɓoye, mai fiɗa na da iko ya zo ya caka wuƙarsa a ƙyauren gidansa. Muddin tana nan a cake, mai gidan ya zama mai fiɗa a idon kowa. Ba ya iya zare ta, don taɓa ta ma wani laifin ne, sai wani daga gidan mai fiɗa ya ga dama ya zo ya cire. Uban Lorenz ya yi amfani da ita sosai, ana tsoronsa. Lorenz bai taɓa yi ba.

A shekarar annobar shanu rabin gari sun fiɗe shanunsu a bayan rumbuna don kada fata ta wuce su. Kowa ya sani, hanci ma ya isa shaida. Rosina ta ɗauko wuƙa ta ajiye masa a gaba, ta ce ya tashi ya bi gari.

"In na caka ta a ƙofar wani, na yarda ke nan abin kunya ce," in ji shi. "Aikin Allah suka taya ni, Rosina. A kan me zan kunyata su?"

Ta kira shi wawa, kuma ta yi ta kiransa haka har sanyin shekarar ya ƙare, don kabeji zalla suka ci a shekarar. Shi dai murmushi yake yi. Haushinsa take ji ƙwarai, kuma ba ta taɓa son kowa kamarsa ba.

Da la'asar ɗin Alhamis ta ƙetare rafi ta nufi gidan Mathias Depner, baduku, wanda shi ne uban unguwa, mai rarraba aikin jana'iza da gini da haƙar rijiya a tsakanin maƙwabta. Ta tsaya daga waje inda aka saba ta tsaya. Yana zaune da takalmi a cinya, bai ajiye guduma ba. Ya yi mata ta'aziyya da murya mai kyau, sannan ya shiga bayani. Lorenz ba ya cikin ƙungiyar unguwa, don gidansa na ƙetare. Maza duk suna fadama. Hadari na haɗuwa ta yamma, kuma barin ciyawa ta ruɓe raina kyautar Allah ne.

"Yankan ciyawa ma kira ne, Rosina. Ai kin ji a coci. Kowa ya tsaya inda Ubangiji ya ajiye shi." Ya buga ƙusa, ya ƙara da cewa, "Ga keke kuna da shi. Ki shimfiɗa masa farin zane, ba wanda zai ce komai."

Ta dubi ƙyaurensa na ƙaƙƙarfan itacen oak, da aka sassaƙa wa furanni da sunansa, ta wuce gidan fasto.

Fasto Albrich mutum ne mai taushin fuska, irin wanda ke jin tausayinka har ka ji kunyar roƙonsa. Ya fito har bakin baranda, yana goge man miya a gemu. Ya ce Lorenz bawan Allah ne na ƙwarai, shi da kansa zai tsaya a bakin kabari ya yi addu'a. Amma kafaɗun mutane ba nasa ba ne, ƙararrawar jana'iza kuma uban unguwa ne ke ba da izininta. Ta tuna masa da wa'azin hannun Allah. Ya lumshe ido don jin daɗin an riƙe maganarsa, ya ce ƙwarai, a gaban Allah mai fiɗa da alƙali ɗaya suke. Sai dai a duniya akwai tsari, tsarin ma na Allah ne, kuma ba ya so a ta da hankalin gari a lokacin aiki.

"To, Baba Fasto, a gaban Allah yake yanzu," ta ce. "Abin da ya rage a ɗakina ne ke buƙatar ɗauka."

Ya ce ta yi haƙuri, ya kuma sa aka ajiye mata burodi a kan dutsen bakin ƙofa don ta ɗauka.

Washegari ɗakin ya fara canja iska. Rosina ta tsaya gaban kantar nan ta daɗe tana kallon wuƙaƙen. Uku ne, ita kuwa huɗu take buƙata, sai ta haɗa da tsohuwar wuƙarta ta yanka burodi. Ta zuba su a haɓar zanen aikinta ta fita. Ta zaɓi lokacin da makiyayi ke busa ƙaho, kowane gida ya buɗe ƙofa yana koro shanu, maza na saɓe da lauje, mata na bakin titi.

Ta fara da Kloos mai niƙa. Ba ta yi sallama ba, ta ɗaga hannu ta caka wuƙa a ƙyaurensa har sai da ƙotar ta yi rawa. Ta wuce gidajen 'yan'uwan nan biyu, su Gooss, ta ba kowa tasa. Duk ukun ta ga fatun shanu rataye a rufinsu da idonta a shekarar annoba. Titi ya yi tsit, shanu kawai ke tafiya. Ta ƙarasa gidan uban unguwa, ta nemi tsakiyar furen da aka sassaƙa, ta dasa masa ta burodin.

Depner ya fito da sauri, ya ja da baya da ya gan ta, har ya taka kashin saniya da sabon takalminsa. Babban mutum, dattijon coci, yana karkarwa a gaban wuƙar da jiya ta yanka burodin fasto. Ya ce wannan maganar ta daɗe da wucewa, shekaru nawa. Ta tambaye shi, shi da ke riƙe da al'adun unguwa, a ina aka ce laifin yana tsufa. Ya ce jar saniyarsa yanka ta ya yi tana da sauran rai. Wata tsohuwa daga cikin taro ta yi dariya, ta rufe baki.

"Jiya ka ce min ba ya cikin ƙungiyarku," in ji Rosina, ba ta ɗaga murya ba. "Yau ku kuna cikin tasa. 'Yan sana'a su ke ɗaukar ɗan'uwansu, kuma ba abin da zai ƙara ɓata ku. Ku haƙa rami, a kaɗa ƙararrawa, ku kai shi a kafaɗa. In ƙasa ta rufe shi zan zo in zare. In kuwa keke ne, sai dai ku jira wani mai fiɗar ya zo garin, in akwai mai son zuwa."

Suka ruga wurin fasto. Fasto ya ce al'ada tsari ce, tsari kuma na Allah ne, shi ba zai sa baki ba. Nan take hadarin da ke haɗuwa ya daina damun kowa, ciyawa ma aka gano tana iya jira.

Kafin azahar rami ya haƙu. Maza huɗun suka ƙetare rafi a karo na farko a rayuwarsu, cikin baƙaƙen rigunan jana'iza, kowanne sanye da safar hannu ta ulu, irin ta tsakiyar sanyi, gumi na bin wuyansu. Kloos har ya tura tsumma a kafaɗa ƙarƙashin riga. Suka ɗaga akwatin suna kawar da fuska, suka bi babban titi, ƙararrawa na kaɗawa yadda ake yi wa kowa. Gari kaf ya fito, ba don Lorenz ba, don ganin Depner. Rosina na biye ita kaɗai, ta bar tazara, idonta a kan akwatin yana lilo bisa kawunan mutane. Tun tana yarinya ba ta taɓa ganin an ɗauki wani daga ƙetaren rafi haka ba.

A bakin kabari Fasto Albrich ya yi wa'azin nan nasa, kuma gaskiya bai taɓa yin sa da kyau kamar ranar ba. Ya yi maganar hannun da ba ya ƙyamar aikin da Allah ya ba shi. Mata suka share hawaye. Maza huɗun na gyaɗa kai da safar hannunsu, Depner kuwa a tsakiyar addu'a ya matso kaɗan, iya yadda al'ada ta yarda, ya yi mata raɗa cewa in an gama ta fara da gidansa.

Da aka watse fasto ya tsaya nesa da ita da taku kaɗan, ya yi mata kallon uba. Ya ce ta sami abin da take so, amma ta sani Lorenz ba zai taɓa yin abin da ta yi ba.

"Gaskiya ne, Baba Fasto," ta ce. "Shi ya yarda da wa'azinka. Duk garin nan shi kaɗai ne."

Ta bi gidajen ta zare wuƙaƙen, ta bar na Depner a ƙarshe. Mutane na darewa suna ba ta hanya fiye da kullum, uwaye na janye 'ya'yansu, kuma ta ga yadda ake kallon haɓar zanenta. Ko a zamanin uban Lorenz ba a ji ƙyamar wuƙaƙen nan kamar yau ba, ita ce kuma ta jawo.

A gida ta buɗe tagogi. Ta wanke wuƙaƙen uku, ta shafa musu mai yadda yake yi, ta nufi kantar da suke zama. Ga littafin waƙoƙi, ga shatin wurinsu a jikin katako. Ta tsaya riƙe da su, hannunta ya ƙi ɗaguwa. Mutumin nan ya ci kabeji zalla, ya sha zaginta, don kada a ce aikinsa abin jifan mutane ne, ita kuma gawarsa ba ta kwana biyu ba ta tabbatar wa gari cewa su ke da gaskiya. Da za a sake, haka za ta sake yi, wannan ma ta sani, kuma bai rage mata komai ba.

Ta zagaya bayan ɗaki ta ajiye su a cikin keken mushe, ta ja buhu ta rufe. Sai ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafar keken, kukan da ta riƙe tun ranar Alhamis ya zo mata.