Doyar Shekwolo

Barira tana yankan albasa a bayan shagon mijinta lokacin da ihu ya taso daga bakin titin Barkin Sale. Ta leƙa, wuƙar ta suɓuce daga hannunta.

Shekwolo ne a ƙasa, manomin Garatu da ke kawo musu doya duk Asabar. Yanzu-yanzu ya ajiye musu ta wannan makon ya fita neman keke napep. Wani saurayi yana dafe da wandonsa yana kururuwa, wai daga sun yi musabaha gabansa ya ɓace. Babu wanda ya bincika. Duwatsu kawai aka ɗiba.

"Baban Yasmin!" ta kira mijinta Sanda. "Shekwolo ne fa! Kashe shi za su yi!"

Sanda bai tashi daga kan keken ɗinkinsa ba. Shi ne fa wanda tun da 'yan sintiri suka karya hannun ƙanensa bara, duk mai kawo ɗinki sai ya ji daga bakinsa cewa ko ɓarawo ɗan Adam ne, kotu ce kaɗai ke da ikon hukunta shi.

"Na gani," ya ce.

"Ka fita ka ce ka san shi. Suna jin maganarka."

"In fita su ce bakinmu ɗaya? Ke kin san irin layar da ke jikinsa?"

"Shekara nawa yana ba ka hannu?"

Sanda ya dubi tafinsa, ya goge a riga. Daga waje muryar Shekwolo ta ratso hayaniyar: "Malam Sanda! Kai ya san ni! Ni ne mai doya!"

Sanda ya jawo ƙofar ƙarfe, ya sa sakata, ya koma ya taka keken da ƙarfi. Barira ta tsaya baki buɗe tana kallon ƙeyarsa.

* * *

Bayan la'asar maza suka cika benci a ƙofar gida. An ce an kai Shekwolo asibiti, bai farfaɗo ba tukuna.

"Ƙasar nan babu doka," Barira ta ji Sanda yana cewa. "Ran mutum ya zama banza."

"Wallahi kuwa, Malam," suka amsa. Ta gane muryoyi biyu daga cikin na safe.

Ya ɗaga murya: "Barira, a dafa doyar nan kada ta lalace!"

Ta durƙusa ta ɗauki ɗaya. Ƙasar gonar Shekwolo tana jikinta har yanzu, da sauran danshi.