Kujera Mai Gajeriyar Ƙafa

Inna tana cikin shanya wanki malamar makarantar 'yarta ta yi sallama, jaka a hannu ɗaya, 'yar kujerar katako a ɗayan. Inna ta gane jakar tun kafin matar ta buɗe baki. Zazzaɓi ne ya kama babbar 'yar Inna a ɗakin kwanan ɗalibai, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

"Wannan aikinta ne na jarrabawa," in ji malamar, ta ajiye kujerar. "Ba ta samu ta ƙarasa ba."

Marigayiyar ita kaɗai ce mace a ajin koyon kafinta na sakandaren sana'a. Duk hutu sai ta dawo da garin katako a gashi, tafin hannunta duk ya yi kanta, tana bin ƙofofin gidan tana cewa an yi su a karkace. Kujerar da ta bari ta sha goga, sumul, sai dai ƙafa ɗaya ba ta kai sauran ba.

Masu zuwa gaisuwa suka ishi Inna a kanta. Kowa ya zauna sai ta yi gefe da shi, shi kuma sai ya tofa tasa.

"Allah ya ji ƙanta, amma ina mace ina guduma?"

"Da ɗinki aka sa ta, ai da yanzu kina da abin tunawa."

Inna ta yi ta amsa amin tana cije leɓe. Wata maƙwabciya har ta ce a ba ta ta hura wuta da ita. Ran nan Inna ta nannaɗe kwalin sabulu ta cusa a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar, ta zauna abinta, kowa ya nemi tabarma.

Da shekara ta zagayo, Auta, ƙanwar marigayiyar, ta kai ajin da ake zaɓar sana'a. Ta ce ita ma kafinta take so.

"Ba ki isa ba," in ji Inna. "Na ba su ɗaya sun dawo mini da jaka."

"Inna, zazzaɓi ne fa ya kashe Yaya, ba zarto ba."

"Rufe mini baki, mai kunnen ƙashi!"

Auta ta daina cin abincin kirki, Inna ta daina kallon inda take. Ana cikin haka baffan yaran, ƙanen marigayi mijinta, ya shigo da zarton aro a hammata. Ya ce ya zo ya rage sauran ƙafafun su yi daidai, a huta. Bai jira izini ba ya kifa kujerar, ya ɗora zarto.

Inna ta yar da tsintsiya ta fizge kujerar.

"Wa ya aike ka?"

"Haba Yaya, taimako ne. Kuma Auta ɗinki za ta yi, na gama magana. In da mace na iya wannan aiki, ai da kujerar nan ta tsaya da ƙafafunta."

"Ba ta gama ba ne! Sau nawa zan faɗa muku? Mutuwa ce ta katse ta, ba kasawa ba! Kai da ko ƙusa ba ka taɓa bugawa daidai ba, ƙofar bayin gidanka da igiya ake ɗaure ta!"

Ta juya tana haki. "Ke Auta, ɗauko mini mayafina. Sai na kai ki ajin nan da ƙafata, in ga wanda zai hana."

A hanya ma faɗa take yi, ita da kowa, har da marigayiyar da ta tafi ta bar mata aiki rabi da rabi.

Hutun farko Auta ta dawo da garin katako a gashi. Ta durƙusa gaban kujerar da ma'auni, ta ce minti kaɗan zai ishe ta ta sake ƙafar.

"Taɓa ta ki gani," in ji Inna. "In hannunki na ƙaiƙayi, ga ƙofar kicin can."

Auta ta gyara ƙofar, ta kuma ƙera mata sabuwar kujera da ko motsi ba ta yi. Ita ake ba wa baƙi. Inna kuwa kullum da safe, in ta gama shara, sai ta jawo tsohuwar, ta duƙa ta mayar da kwalin ƙarƙashin ƙafar, tana yi wa marigayiyar mita.

"Ke dai kin bar ni da aiki."

Sannan ta zauna.