Gayyar Taurarin Mairuwa

Ranar da muka ci 'yan Faskari biyu da nema, mutum goma sha ɗaya ne suka gani. Ni ne sakataren kulob ɗin, Taurarin Mairuwa, kuma duk na san su da sunansu. Huɗu daga ciki ma ba kallo ya kawo su ba, inuwar darbejiyar bakin fili suka biyo. Ɗanlahadi, ɗan wasanmu na gaba, ya zura ƙwallon da ko a talabijin sai an maimaita ta, ya ruga kusurwa hannuwa a sama, ya tarar ba kowa a wajen sai akuyar mai gadin firamare. Kunya ta kama ni kamar ni na yi laifin.

Alhaji Gide, wanda ke ɗauke da nauyin kulob, ya kira ni gefe bayan an tashi. Dillalin masara ne, a Funtuwa yake zaune, amma nan aka yanke cibiyarsa.

"Malam Zailani, ni ba riba nike nema ba," ya ce. "Amma mutum ya ɗinka riguna, ya zuba mai a mota, ya zo ya iske fili kamar an share? Wasanmu da 'yan Sabuwa saura sati uku. In na zo na ga haka, kulob ya koma Funtuwa. Can ko atisaye ake yi, mutane na tsayawa."

Na san abin da hakan ke nufi. 'Yan wasanmu manoma ne, ba mai barin gonar ubansa ya tare a Funtuwa don gasar ƙananan kulob. Sunan ne kawai zai tafi, a cika shi da 'yan birni. Shekara tara muna cire ƙaya da tsakuwa a filin nan, ni da koci Badamasi.

Kada a ce ban yi ƙoƙari ba. Na manna takardu har a jikin tankin ruwa. Na ɗaura lasifika a babur na zaga kasuwar Yankara ina ihu har muryata ta dushe. Na soke kuɗin shiga. Na taɓa ɗauko mai kiɗan zamani, ya kunna sauti, akuyar nan ma ta gudu. A ƙarshe na yanke hukunci cewa mutanenmu ba su san daɗin ƙwallo ba, kuma na sha faɗin haka a teburin mai shayi da bakin malamin makaranta mai ganin ya fi kowa sani.

A satin nan Ɗanlahadi ya yi fashin atisaye sau biyu. Na hau babur na nufi ƙauyensu, Unguwar Ɗanhausa, da niyyar yi masa faɗa. Na same shi a gona shi da mahaifiyarsa, Mama Rifkatu, su biyu rak a tsakiyar masarar da ta bushe har ta fara kwanciya. Mijinta ya rasu, manyan 'ya'yan sun yi kudu tun da 'yan bindiga suka matsa wa yankin. Na fasa faɗan da na zo da shi. Muka gaisa, ta miƙo mini ruwa a ƙwarya. Don in sami abin cewa, na tambaye ta ko ta taɓa ganin ɗanta yana wasa.

"Ban taɓa ba, Malam."

"To me ya hana, Mama? Kyauta ne fa. Kullum muna shela."

Ta dube ni kamar na tambaye ta abin da ya hana ta shiga gidan da ba ta sani ba.

"Shela na ji ta. Amma wa anka kira? Babur ya wuce shina ihu, ban ji sunana ba. Mu nan ko suna za a yi, sai an aiko da goro ƙohwar gida. In tahi wurin da ba a gayyace ni ba, in tsaya ina ƙyalla ido?" Ta karya wata masara ta jefa a buhu. "Kuma ƙarhe huɗu kuke hwarawa. Wa za ya bari magariba ta iske shi bisa hanya yanzu? Kai ma ka sani."

Na sani mana. Ni kaina da na ga rana ta karkata sai da na duba agogo. Shekara da shekaru ina sa wasa ƙarfe huɗu don haka ake yi a ko'ina, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wa zai taka tafiyar awa ɗaya da rabi bayan an tashi ba. Na koma gida raina a jagule, ba don ta faɗi abin da ban sani ba, sai don ta faɗi abin da na sani na ƙi dubawa.

Badamasi ne ya kawo maganar gayya. Ya ce tun da gudu muke sa yaran nan su yi don ƙarfin jiki, su yi shi a gona mana. Ranar Talata mu ashirin da biyu muka dira gonar Mama Rifkatu da sassafe, kafin azahar babu karan da ke tsaye da masara a jikinsa. Ta dafa ɗanwake ta dama kunu, mai tsaron ragarmu ya ci kwano uku, aka ce lallai ranar wasa ba ƙwallon da za ta sami wurin wucewa. Daga nan muka yi gonar wani tsoho makaho, muka yi ta wata bazawara a ƙauyen gaba, muka yi gonaki bakwai cikin kwana goma sha biyu. Hannuwana na alli suka yi kanta.

Na rubuta wa masu shirya gasa na roƙi a mayar da wasanmu ƙarfe biyu ranar Asabar, ba ranar masallaci ba, ba ranar coci ba. Suka yarda. Sannan na sayi goro da alawa, ni da Badamasi muka bi gida gida. Muna sallama, mu durƙusa, mu ambaci sunan mai gida, mu ce Taurarin Mairuwa na gayyatarsa shi da iyalinsa. Ba wanda ya ce zai duba. Kowa cewa yake, "Allah ya kai mu."

Allah ya kai mu kuwa. Tun ƙarfe ɗaya suka fara ɓullowa, a ƙafa, a keke, uku uku a babur. Tsofaffi da buzayensu, mata da tukwanen kunu da ba wanda ya roƙa. Tsohon nan makaho aka jawo shi aka zaunar a gaba, ya ce a riƙa faɗa masa yadda wasa ke tafiya. Kafin biyu fili ya kewayu, layi uku a wani gefen. Na daina ƙirgawa. Na zagaya bayan ajin firamare na share idona don kada 'yan wasa su gani.

Sai dai 'yan Sabuwa ba su iso ba. Motarsu ta kafe a wani rami, suka yi ta turi. Biyu ta wuce, uku ta wuce, aka yi la'asar a bakin fili. Ƙarfe huɗu daidai alƙalin wasa ya busa, wato lokacin da na yi sati uku ina gudu. Alhaji Gide kuma ya bugo waya daga Ƙanƙara inda ya je awon masara, ya ce zai riski ƙarshen wasa.

An yi wasa mai kyau, ba ci. Amma tun da aka dawo hutun rabin lokaci na lura ihun ya ragu. Inuwar darbejiya ta miƙe har tsakiyar fili. Mutane na kallon ƙwallo da ido ɗaya, ɗayan yana yamma. Duk da haka ko mutum ɗaya bai motsa ba. Na ratsa na isa wajen Mama Rifkatu.

"Mama, rana fa ta yi. Ba za ku kama hanya ba?"

"Mai gayya bai sallame mu ba," ta ce, ba ta ko dube ni ba. "Ɗiyanku da sunka zo gonata, akwai wanda ya tahi kahin a gama?"

Sai na gane. Da shela ce ta kawo su, da kowa ya zame lokacin da ya ga dama. Amma na durƙusa a ƙofar gidajensu, sun karɓi gorona, sun zo ramuwa. Ko duhu zai rufe su a nan, ba za su tashi ba sai na ce su tashi.

Badamasi ya riƙo hannuna. "Alhaji ya ce ya kusa. Minti ashirin kawai, Zailani. Ya gani da idonsa, shi ke nan."

Ba zan yi ƙarya ba, na tsaya. Minti biyar na yi ina kallon hanya, ina ce wa kaina ai kwana biyu an sami sauƙi, ai suna da yawa, ai ba abin da zai faru. Na tsani mutumin da na zama a cikin minti biyar ɗin nan. Sai na ga wata mata ta gyara goyonta ta sake duban rana. Na ɗauki lasifika.

"Jama'a, mun gode, Allah ya saka da alheri. Gayya ta yi kyau. Mun sallame ku. Don Allah kowa ya kama hanya tun da haske, a tafi a ayari."

Kamar an buɗe bakin dam. Ba gudu, ba hayaniya, amma cikin ɗan lokaci fili ya koma yadda na saba ganinsa. Ɗanlahadi ya tsaya a tsakiyar wasa yana kallon mahaifiyarsa ta aza tukunya a ka, har ƙwallo ta wuce shi. Aka tashi babu ci. Na zauna a benci na haɗa kai da gwiwa, ina tunanin yadda zan gaya wa yaran nan kulob ya tafi.

Alhaji Gide ya iso a ƙafa, ba mota, babbar riga a saɓe, yana haki.

"Malam Zailani, wa ya rasu?"

"Rasuwa kuma, Alhaji?"

"Na iske hanya cike tun daga kwana, mota ta kasa shigowa, can na baro ta. Mata, tsohwahhi, har da makaho. Sai salati nike. Rabona da in ga mutanen ƙauyukan nan sun taru haka in ba gawa za a kai ba, na manta."

"Ba wanda ya rasu, Alhaji. Kallon ƙwallo suka zo, ramuwar gayyar masarar da muka yi musu a gonakinsu. Dare na gabatowa, na sallame su."

Ya dubi hanyar da suka bi. Sannan ya zauna kusa da ni a bencin, ya cire hula ya goge fuska da hannun riga, ya daɗe yana gogewa.

"Gonar wa ta rage ba mu karya ba?" ya ce.