Tagar Tela

A gidan hayarmu Rediyo suke ce mini, kuma ban taɓa jin haushi ba, don ko rediyon ai sai da mai saurare. Mai saurarona ita ce Tela, maƙwabciyata a saman bene, shekara ashirin da biyu bango ɗaya ne tsakaninmu.

Bara ɓarin jikinta na dama ya shanye. Aka lulluɓe keken ɗinkinta da zane, ita kuma aka shimfiɗe ta a gado. Magana ta gudu ta bar ta da kalmomin da ba su cika tafin hannu ba. 'Yarta, Malama, tana koyarwa a firamare. Ƙarfe bakwai take fita ta danna wa ƙofar kwaɗo, sai uku ta dawo. Ni kuwa an yi mini iyaka da ɗakin tun lokacin da na faɗa wa mutanen ƙasa cewa mijin Malama ya tafi har da firij. Kuma Allah ya sani ya tafi da shi. Talabijin ɗin kaɗai na ƙara.

To, an hana ni ƙofa, ba a hana ni taga ba. Tagar Tela tana kallon baranda, gadonta yana ƙarƙashinta daidai. Da na ji takun Malama ya sauka, sai in jawo bencina in zauna. In miƙa mata ruwa a cokali ta tsakanin ƙarafunan tagar, in kwance mata jakar labari: wa ya yi faɗa da wa a bakin famfo, wace ce ta ari tukunya ta mayar da wata. Da wannan gulmar bakinta ya fara kwancewa. Ranar da na ba ta labarin matar makanike da gashin kanti da iska ta cire mata a tsakar gida, Tela ta ce, “Maƙaryaciya,” kalma guda cur, ba tangarɗa. Wata biyar likita na fama bai samu irinta ba.

Sai zafi ya shigo. Rufin benenmu kwano ne, ba silin. Da hantsi ɗaki ya zama tanda, fanka kuma aikinta kawai juya wutar. Ni mai ƙafa nakan sauka inuwar ƙasa in sha iska, Tela kuwa tana kwance zufa na cin bayanta, har gyambo ya fito mata a ƙugu. Likita ya gaya wa Malama ba ɓoye-ɓoye: in ba a sanyaya ɗakin ba, gyambon nan sai ya kai ƙashi. Mai gidan hayar ya ce bangonsa ko ƙusa ba a yarda a buga ba, balle a fasa a sa iyakwandishan. Saura irin mai tayan nan da ake turawa kamar keken yara.

Ɗan ƙanena yana da shagon kayan wuta a bakin titi. Dole Malama ta haɗiye girman kai ta ce in raka ta ranar Asabar, ko a duba mata mai kyau. Ni kuwa tun Juma'a na riga ta zuwa.

A nan na gane iri biyu ne. Akwai wadda ake zuba wa ruwa tana huro iska mai laima, ita taga a buɗe take so. Akwai kuma mai tiyo, kauri kamar cinyar ƙato, wadda ke kwashe zafin ɗaki ta tura waje. Ita sai an toshe taga da katako, a bar rami ɗaya na tiyon, ko kan allura kada iska ta shiga. Na ce masa gobe mai ruwa zai yaba. Ya fara “Amma Gwaggo,” sai na tambaye shi ko matarsa ta san ƙofar gidan da babur ɗinsa ke yini kowace Laraba. Ya ce mai ruwa ai babu kamarta.

Ranar Asabar Malama ta zo da takarda. Ta auna ɗakin da tef ɗin awon uwarta, tsawo da faɗi, ta rubuta duk abin da likita ya ce. Ɗan ƙanena ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce mai ruwa ba ta shan wuta, ba ta da ƙara, ko tsohuwa za ta iya tura ta. Malama ta bar shi ya gama, sannan ta tambaye shi abu biyu: shin tana sauke zafin ɗaki mai rufin kwano da gaske, kuma laimarta ba za ta taɓa mai ɗanyen gyambo ba? Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya share goshi. Ya ce tsakani da Allah, in uwarsa ce a kwance, mai tiyo zai ɗauka.

Malama ta juyo a hankali.

“Iya, ke kika shirya wannan?”

“Ni aji nawa na yi da zan shirya inji?” na ce. “Amma ki ji, 'yar nan. Uwarki ba nama ba ce da za a jefa a firij a rufe.”

Da kalmar firij ta fita na san na taka sawun ɓarawo. Fuskarta ta canza. Ta ce gulma ba ta warkar da gyambo, kuma ita ce ke wanke shi safe da yamma, ta san warinsa. Gaskiya ta faɗa. Na sassauta murya na ce to ta sayi mai tiyon, amma ta riƙa bar mini makulli.

“Makullin ɗakina a hannunki? Gara in rataye shi a ƙofar kasuwa.”

Washegari kafinta ya hau da katako da guduma. Malama ta durƙusa gaban gado ta ce, “Mama, kina son sanyi?” Tela ta ce eh. Wa zai ce a'a, bayansa na ci da wuta? Ba wanda ya tambaye ta ko tana son taga. Na buɗe baki zan tambaya, kafinta ya ce in matsa da bencina. Hannun Tela mai lafiya yana riƙe da ƙarfen tagar. Malama ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ta mayar mata da hannun kan ƙirji, aka ɗora katako.

Tun daga ranar, inda nake zama nan tiyon ke amayar da zafin ɗakin, daidai gwiwoyina. Na jure kwana huɗu. Ina ƙwanƙwasa katakon, ina ɗaga murya sama da gurnanin injin, har labarin da na tanada wa mutum ɗaya ya ishe duk gidan. Matar makanike ta hau bene da muciya a hannu. Daga ciki kuwa ban taɓa jin ko tari ba. Ko tana amsawa inji ya haɗiye, ko ba ta ji na, ban sani ba. Na mayar da bencin ɗakina.

Gyambo ya warke. Kowa na yabon Malama, 'ya ta gari, kuma ni ma na yaba, da bakin nan nawa.

Sati bakwai bayan nan, wata Asabar, Malama da kanta ta tsaya a ƙofata tana murza gefen mayafi. Ta ce Mama ta daina magana, ko eh ɗin ma babu, in zo in gwada.

Ɗakin sanyi ƙalau, ba wari, zanin gado fes. Tela har ta yi kumatu. Idonta yana kan wata 'yar koriyar fitila da ke jikin injin. Na zauna a bakin gado na kama hannunta mai lafiya, na zazzage mata kaf abin da na tara: auren ɗan mai gida da ya watse, akuyar da ta cinye takardun mai gadi, har da babur ɗin Laraba, tun da mai shi ya ci amanata. Na ƙara gishiri inda ko yaro zai gane ƙarya ce. Ta dube ni sau ɗaya, kamar yadda ake duban mai karatun mitar wuta, ta koma kan fitilarta.

Na ce wa Malama a cire katakon, ko da safe ne kawai. Ta ce an buga shi da ƙusa a jikin firam, an liƙe gefensa da gam. In ma an cire, wa zai mayar da hantsi alhali tana makaranta? Zafi kuma da saura wata biyu. Na ce makulli fa? Ta gyara wa uwarta matashi, ta ce likita ya ce dama ciwon yakan yi haka, ba laifin kowa ba ne.

Na miƙe, gwiwoyina suna ƙara. Na daɗe a bakin ƙofa ina kallon Tela, ƙafa ɗaya a sanyi ɗaya a zafi, har Malama ta ce, ba da faɗa ba, “Iya, ko ki shigo ko ki fita. Sanyin yana zubewa.”

Na fita, na ja mata ƙofar.