Abdel-Aziz Ya San Dokar Ko'ina

Saoudatou na shagonta na atamfa a kasuwar Missèbo aka kira ta, wai ƙaninta Abdel-Aziz ya kaɗe ɗan zem, wato ɗan acaɓa, da mota da rana tsaka, yana dawowa daga unguwar Fidjrossè a buge. Wanda ya kaɗe kuwa Karimou ne, maƙwabcinsu a Zongo.

Asibiti ta fara zuwa. Ta tarar da ƙafar Karimou a karye wuri biyu, matarsa zaune a ƙasa ta zabga tagumi. Daga nan ta wuce komisariya, ofishin 'yan sanda.

Abdel-Aziz na kan benci ya ɗora ƙafa kan ƙafa, warin giya na tashi daga rigarsa. Ya taɓa zaman Marseille ta Faransa, yanzu kuma yana kai motoci Yamai da Kano, don haka gani yake ba ƙasar da bai haddace dokarta ba.

"Yaya, kwantar da hankalinki," in ji shi. "A Faransa sai an auna numfashi. In kaɗan ka sha, kontarabansiyon ce, tara kawai. Sai ya yi yawa ake ce masa deli, babban laifi. A Kano kuwa ko ba mota, shan kaɗai bulala ne. Kin ga kowace ƙasa da sunan da take ba abin. Su waɗannan ba su ma san wanne za su rubuta ba."

Ta dube shi sama da ƙasa. Ƙato da gemu, ya karya mai neman abincin 'ya'yansa, ya zauna yana jera mata sunaye kamar mai tallan turare.

"Ka tambayi yadda Karimou yake?"

"Ai bai mutu ba, ko?"

Ta ja tsaki ta fice.

Da la'asar Kawu Mounkaïla ya zo gida, ya ce ta tashi su je su ba matar Karimou baki ta janye ƙara, kada sunan gidan ya ɓaci.

"Kawu, ka yi haƙuri, ba inda za ni. Tunda ya san dokar ko'ina, ya tsaya ya ɗanɗani ta nan."

Kotu ta karɓe permi ɗinsa na tuƙi, ta tura shi gidan kaso. Saoudatou ba ta taɓa kai masa ko kunu ba. Mahaifiyarsu ta yi fushi da ita har bayan Sallah, sannan ta sauko don kanta.