Muryar Gajere Ta Buɗe

Gidan yana ƙarshen layi, bayan injin niƙa, ba allo a ƙofarsa, ba lamba. Mazaunansa matan da mazajensu suka doka ne har suka gudu. Wadda ta kafa shi lauya ce da ta ajiye aikin kotu, kowa Anti Lauya yake ce mata. Dokarta ɗaya ce, kuma ba ta ɓoye wa kowa ita: namiji ba ya tsallake wannan ƙofa. Ko famfo ne ya lalace, mace ake nema ta gyara, in ba a samu ba a yi ta ɗebo ruwa a bokiti. Yara maza ƙanana suna zama da iyayensu mata, amma ranar da muryar yaro ta buɗe, zamansa ya ƙare.

Tela ta zo gidan da karyayyen hannu da ɗanta ɗaya, yaro ɗan firit da ake kira Gajere. Mijinta direban babbar mota ne, shi ya karya hannun. Ya warke a karkace, amma tana ɗinki da shi a kan keken da aka ajiye mata a baranda. Shekaru suka ja, Gajere ya wuce uwarsa tsawo, sunan dai bai canja ba.

"Tela, wannan Gajeren naki in ya ƙara taƙi ɗaya sai mun huda masa rufi," in ji Inna Kuku, tsohuwar da ke dafa wa gidan abinci.

Tela ba ta yi dariya ba. Ita ta fara jin abin, wata safiya da ya gaishe ta muryar ta yi ƙasa kamar ta ubansa. Ta ja shi ɗaki ta rufe ƙofa.

"Daga yau raɗa za ka riƙa yi. Wanda ya tambaya, mura kake yi."

"Mama, ba ni da mura."

"Na ce kana da ita."

Haka yaron ya koma magana ƙasa-ƙasa, ya daina waƙa a banɗaki, ya daina dariya da ƙarfi. Inna Kuku ta gane tun makon farko. Sai ta riƙa miƙa masa ruwan zafi a gaban mutane tana cewa, "Sha, jikana, wannan mura taka ta fi ƙarfin likita."

Ranar da asiri ya tonu, da rana ne tsaka. Wata mata da ake kira Nas, domin aikin da take yi ke nan kafin mijinta ya kashe mata kunne ɗaya da mari, tana guga a falo. Ta ajiye dutsen gugar ta juya ɗauko riga. Ɗiyar wata baƙuwa, mai rarrafe, ta kama wayar dutsen tana ja. Gajere ne ya gani daga bakin ƙofa.

"Ke! Saki!"

Tsawar ta cika gidan. Ya yi tsalle ya cafke dutsen kafin ya faɗo wa yarinyar. Amma Nas ta riga ta shige ƙarƙashin tebur, ta rufe kai da hannuwa tana cewa, "Na daina, na daina, don Allah na daina." Zaninta ya jiƙe. Wata ta ruga ta danna sakata, wata ta ɗauki ɗanta ta yi bayan gida, duk sun zaci mijin wata ne ya shigo. Gajere yana tsaye da dutsen guga a hannu, bai san inda zai ajiye shi ba.

Da la'asar Anti Lauya ta kira Tela ofis.

"Zauna, ƙanwata. Tun yaushe?"

"Anti, yarinyar nan da ta ƙone."

"Na sani. Na gode masa, zan kuma sake gode masa. Tun yaushe?"

"Ya ɗan jima." Tela ta sunkuyar da kai. "Yaron nan a gabanki ya girma. Ko kaza bai taɓa jifa ba."

"Duk namijin da ya karya hannun mace, yaron kirki ne a wurin uwarsa. Ba ɗanki nake zargi ba. Ki duba da kyau: kotu tasu ce, majalisa tasu ce, ofishin 'yan sanda nasu ne, titi nasu ne, har gadon da mace ke kwana a kai nasu ne. 'Yan ɗakunan nan su kaɗai ne wurin da mace za ta rufe ido ba ta saurari takun kowa ba. Kin ga Nas yau. Na yi mata alkawari ranar da ta zo. In na karya shi don ɗanki, gobe wata za ta ce ƙaninta ma mutumin kirki ne."

"To ina zan kai shi?"

"Na je majalisa neman fili don irin waɗannan yaran, na koma, na sake komawa. Wani kansila ya ce in zo da maigidana a yi magana. Suka yi dariya, aka wuce batun gyaran kwalbati." Ta murza goshi. "Ba shi da baffa?"

"Baffansa kafin magariba zai miƙa shi ga uban. Ni kuwa ba ni da kowa, kin sani." Tela ta ɗago. "Anti, kullum kina ce mana ba haihuwarsu ake yi da mugunta ba, koya musu ake yi. To ga wanda na raina da hannuna. Yanzu ki tura shi makarantar ubansa?"

Anti Lauya, wadda ba a taɓa kayar da ita a magana ba, ta kawar da kai. Can ta ce, "Ke kina da wuri a nan har ƙarshen ranki. Shi ne ba shi da shi."

A faɗi gaskiya ko ba daɗi: a ofishin nan ba wadda ta yi ƙarya, ba kuma wadda ta yi laifi. Mai laifin yana can gidansa, ba wanda ya ce ya matsa ko da taku ɗaya. Mace ake tayarwa, a ɓoye ta, sannan a bar mata biyu su raba ɗan wurin da ya rage, su ɓata da juna a kansa.

Washegari Tela ta ɗaure kayanta, za ta koma gidan mijin tare da ɗanta. Ta san abin da uban yake yi in ya sha, ta kuma san in ba ita a gidan, kan wa zai sauka. Inna Kuku ta tare ƙofar kicin tana sharar ido.

"Ke mahaukaciya ce? Ɗayan hannun za ki kai masa?"

"Inna, gara nawa."

Nas ta fito daga ɗakinta. Ba ta iya duban yaron ba, bango ta duba ta ce, "Ka yafe mini, ɗana. Ba da gangan ba ne."

"Ba komai, Anti," ya ce.

Anti Lauya da kanta ta zare sakata. Ta riƙe Tela ta ce, "Kowace sa'a ce, ki ƙwanƙwasa."

"Ni kaɗai?"

Anti Lauya ta sake ta, ta buɗe musu ƙofa.

Suka bi layin, suka wuce injin niƙa, shi ɗauke da jaka a ka. Sai da suka kusa tasha Tela ta tsaya ta kama hannunsa.

"Saurara. In ya fara, kada ka shiga tsakani. Ka fita waje ka tsaya har ya gama. Ka ji?"

Ya dubi titi.

"Gajere, da kai nake. Ka ce ka ji."

Ta ɗaga kai ta dubi faɗin kafaɗarsa, ta ga yadda ya dunƙule hannun da take riƙe da shi, sai ta gane ba tsoro ɗaya za ta kai gidan ba, biyu ne: na uban da na ɗan. Mota ta tsaya, suka shiga.