Muryar Bushra da Shanun Huɗa

Kamfanin da Bushra take yi wa aiki a Funtua ɗaki biyu ne kacal a saman wani shagon taki kusa da layin dogo, amma in ka ji mai shi, Malam Aƙilu, yana ba da labarinsa sai ka rantse bene ne mai hawa goma. Manhajar waya suke haɗawa, wadda manomi zai sayi kuɗin kirifto da ita, kuɗin nan na intanet da ba a taɓa su da hannu, yau farashinsu ya hau, gobe ya rikito. Aikin Bushra shi ne ta sauƙaƙa abin, yadda wanda bai yi boko ba zai danna da kansa ba sai ya nemi a taya shi ba.

Hukumar da ta ba su izinin gwaji ta gindaya sharaɗin da ba ta wasa da shi: kafin mutum ya zuba ko sisi, sai an gargaɗe shi ƙarara cewa kuɗinsa za su iya salwanta gaba ɗaya, kuma sai ya fahimta. Da farko rubutu suka zuba, dogo, irin na lauyoyi. Da suka kai gwaji kasuwar Bakori, manomi na ganin wannan tulin baƙaƙe sai ya miƙo wayar ya ce an gode, ya koma kan buhun masararsa.

Bushra ce ta kawo shawarar a yi da murya, kuma tata aka ɗauka. Allah ya ba ta murya mai sanyi, ita ma ta san da haka. Tana farawa da sallama, ta tambayi gida da gona, sannan ta ce, "Don Allah a kula, wannan kasuwa tana hawa tana sauka, abin da aka zuba zai iya tafiya duka." Mutane suka so abin ƙwarai. Su saurara har ƙarshe, su ce Allah ya kiyaye, su danna koren maɓalli. Malam Aƙilu ya yi ta washe baki, ya ce ga doka an cika, ga jama'a na shigowa, me kuma ake nema.

Da bazara ta yi nisa Bushra ta je gida, ƙauyensu da ke bayan Malumfashi. Rabonta da garin tun kaka, kuma ko a waya ba kasafai take kira ba, kullum aiki. Tun daga bakin hanya ta hango mahaifinta, Malam Labo, zaune a gindin ɗorawa da abokan hirarsa, ya ɗaga waya sama, muryarta na fitowa daga ciki. Dattawa sun yi tsit kamar ana karanta musu labarai. Ta durƙusa ta gaishe su, kunya ta rufe ta, suna ta sa mata albarka.

A cikin gida Innarta ta ja ta gefe.

"Kin ji abin da Babanku yake shirin yi? Shanun huɗa zai kai kasuwa mai zuwa. Wai zai zuba kuɗin a abin nan naku, kafin ruwa ya sauka kuɗin sun haihu, ya sayi waɗanda suka fi su."

Bijiman nan biyu su ne gonar gidan. Da su ake huɗar masara da dawa, da su ake ɗauko taki a amalanke, har maƙwabta ake yi wa huɗa a samu na cefane. In suka tafi kuma kasuwar kirifto ta juya baya, damina za ta same su da fartanya a hannun dattijon da bayansa ya riga ya gaji.

Ta same shi bayan la'asar yana zuba musu harawa.

"Baba, ka dai ji abin da na faɗa a ciki ko?"

"Na ji mana. Kin ce a kula."

"Na ce kuɗin za su iya tafiya duka, Baba. Duka."

Ya yi dariya yana shafa tozon ɗaya daga cikinsu. "Innarki ma kullum zan hau babur sai ta ce in kula da hanya. Na taɓa fasa fita? Ke dai 'yar albarka ce, dole ki faɗi haka."

"Wallahi ba ladabi ba ne, gaskiya ce. Akwai waɗanda suka wayi gari ba su da komai."

"Da abin cuta ne da ba a ji muryarki a ciki ba," ya ce, ya ɗauki bokiti ya nufi rijiya.

Maganar ta ƙare ke nan. Malam Labo ba mutum ne da 'yarsa za ta yi ta ja-in-ja da shi ba, ita ma ba a yi mata tarbiyyar haka ba. Ta koma Funtua ranta a jagule, tana jin haushin kanta. Ta yi gargaɗin da daɗi har ya daina zama gargaɗi. In mahaifinta ya ji shi kamar addu'ar fita, to haka sauran manoman ma suka ji shi.

Da safe ta shiga ofishin Malam Aƙilu ta ce a cire muryarta.

"A cire? Bushra, kanki ɗaya kuwa? Muryar nan ce kasuwarmu."

"Ita ce matsalar, Malam. Doka ba ta ce mutum ya ji ba, cewa ta yi ya fahimta. Ranar da hukuma ta tare ɗaya daga cikin manoman nan ta tambaye shi me aka gaya masa, cewa zai yi wata yarinya mai hankali ta gaishe shi. A nan izininmu zai tsaya."

Malam Aƙilu ba ya tsoron asarar manomi kamar yadda yake tsoron takardar hukuma, wannan kowa ya sani a ofishin. Ya yi ta ƙunƙuni, ya ce rabin mutane za su gudu. Ta ce waɗanda za su gudu ai dama ba su san inda suka shigo ba. Da ƙyar ya yarda, yana cewa in abin ya lalace ita ce.

Abdulmutallib suka sa, mai kula musu da harkar doka, mutumin da ko barka da sallah ya yi maka sai ka ɗauka sammaci ya kawo. Babu sallama mai tsawo, babu tambayar gona. Muryarsa kawai take cewa, "Kuɗin da za ka zuba za su iya salwanta duka, kuma babu wanda zai biya ka. In shanunka ne ko hatsin gidanka ka sayar, za ka iya rasa su." Bushra ce ta rubuta masa wannan da hannunta. Ta kuma sa manhajar ta tambayi mutum wa zai biya shi in kuɗin sun tafi, ba za ta buɗe ba sai ya zaɓi cewa babu kowa. Ana gobe kasuwar da Malam Labo zai kai shanunsa suka tura sabon tsarin zuwa wayoyin mutane.

Ranar kasuwar ta kasa aikin komai. Ta buɗe kwamfuta ta rufe, ta sauko shagon taki ta koma. Ba ta san ko mahaifinta zai buɗe manhajar kafin ya kora shanun ba, ko sai dillali ya riga ya tafa masa hannu. Wajen azahar wayarta ta yi ƙara, sunansa ne.

"Bushira, korar ki suka yi?"

"A'a, Baba, ina nan wurin aiki."

"To wane ne wannan ƙaton da suka sa a wurinki? Na ɗaura wa shanu igiya, na ce bari in ji ki kafin in fita, sai ga wani yana gaya mini zan tsiyace, ko gaisuwa babu. Har yana ambatar shanuna, kamar ya leƙo gidana."

"Ina shanun yanzu?" ta tambaya.

"Suna turke, ina za su? Zan ba wannan mutumin shanuna ne? Ai ya faɗa da bakinsa, babu mai biya na."

Bushra ta zauna a kan matakalar bene, ta yi hamdala a zuci. Daɗi ya kama ta har idonta ya kawo ruwa. Sannan ta ga bai dace ta bar shi cikin duhu ba.

"Baba, ni na ce a cire muryar. Abin da ya faɗa shi na faɗa maka, nawa ne dai ba ka ji ba."

Tana jiyo kukan kaji a bayansa.

"Ke kika cire?"

"Ni ce."

"To, shi ke nan. Kin fi ni sanin aikinki." Ya ɗan yi gyaran murya. "Dama ni kullum in na dawo daga masallaci da asuba nake kunnawa, ki ce mini ya gida ya gona, in amsa miki. Yanzu sai ki riƙa kira da kanki, in aikin ya bar ki."